Turken filin zango: ta wace kusurwa ake jera karaban?

Abban Sadiq (Bradford):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba fita zango da karaban, wato ɗakin kwana mai tayoyi da ake ja da mota, a nan Ingila. Na sayi na hannu, ƙirar Jamus, Hobby, kuma na kama gurbi a wani filin zango a Yorkshire don hutun 'yan makaranta. A saƙon da suka turo min sun ce dole in jera karaban da turken da ke gurbina, in ba haka ba mai kula da fili zai sa in sake. Ba su faɗi wace kusurwa ba. Ga shi ƙofar nawa tana dama, ba hagu ba irin na 'yan ƙasa. Sannan ƙanina zai zo da nasa, muna so ƙofofinmu su kalli juna saboda iyali. Yaya ake yi?

Injiniya Leeds:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na ƙungiyar masu karaban ta Caravan and Motorhome Club, filaye masu zaman kansu da dama ma shi suka kwaikwaya. Ka tsaya a kan hanyar cikin fili ka fuskanci gurbin. Za ka hango turken can ƙarshe. Bangon karaban da ke hagunka shi zai yi daidai da turken. Motarka tana hagu da turke, karaban yana dama da shi, rumfa kuma tana dama da karaban. Mota, karaban, rumfa. Gurbi na gaba ma mota, karaban, rumfa, har ƙarshen layi.

Idan da ribas ka shiga, kusurwar baya ta gefen direba ce za ta je wajen turke. Idan kuma gaban karaban ka fara shigarwa, wato da kai ka shiga, kusurwar gaba ta gefen mai zaman banza.

Gwaggon Yara:
Injiniya, gefen direba na ina? Ni har gobe in an ce gefen direba hagu nake kallo. A Kaduna na koyi tuƙi.

Injiniya Leeds:
Gaskiyarki Hajiya. Na nan, wato dama. Mu tun canjin hannu na 1972 direbanmu yake hagu, shi ya sa na fara da cewa a tsaya a hanya a kalli gurbin. Wannan ba ya rikita kowa.

Bakano Mai Shago:
Ni ina karantawa daga Sabon Gari ina dariya. Mutum ya sayi ɗakinsa da kuɗinsa, ya ja shi da motarsa, ya biya kuɗin fili, sannan a ce wani ɗan guntun itace ne zai nuna masa inda zai kwana? Turawan nan ba sa gajiya da tsirfa.

Maman Hanifa (Birmingham):
Malam Bakano, ka faɗi abin da ke raina. Mu mun taɓa isa wani fili gab da magariba, yara sun gaji, mun kafa ƙafafun karaban, mun jona wuta, mun jawo ruwa, har an fara ɗaura rumfa. Sai ga mai kula da fili da murmushinsa, wai mun kauce wa turke da kusan rabin mita, mu gyara. Babu kowa a gurbin kusa da mu fa. Maigida ya roƙe shi a bari sai da safe, ya ce a'a. Haka muka kwance komai. Ni dai ban ga hikimar ba. Rabin mita me zai kashe?

Injiniya Leeds:
Hajiya, na ji zafin abin, musamman da yara. Amma bari mu yi lissafin, don lissafi ne ya kafa turken a inda yake.

Ƙa'ida biyu ce. Tsakanin bangon karaban ɗinki da bangon na maƙwabci kada ya gaza mita 6. Kuma bayan an kafa rumfa an ajiye mota, dole a sami fili fayau na mita 3 da babu komai a cikinsa tsakanin kayanki da nasa. Yanzu duba abin da ke tsakanin karaban biyu a layi: rumfarki da motar maƙwabci. Rumfa ta saba cin wajen mita 2.5. Mota, da ɗan wurin buɗe ƙofa, ta haura mita 2. Ƙara mita 3 na fili. Kin ga mun kai mita 7.5 ko fiye, ba ma 6 ba. Ɗora faɗin karaban kansa, wajen mita 2.3, sababbin ma har kusan 2.5. Daga turke zuwa turke ana maganar kusan mita 10 ke nan, kuma babu rarar kirki a ciki.

To idan kika matsa rabin mita zuwa dama, rumfarki ta bi ki, mita 3 ɗin nan ya koma 2.5. Wanda zai zo gobe, ko ya jera daidai da nasa turken, ya shiga laifin da ba shi ya yi ba. Ko dai ya matsa shi ma ya ci na gaba, ko a zo a tashe ki da rumfarki a kafe. Kamar sahun salla ne, mutum ɗaya ya karkace sai na gefensa su bi shi.

Maman Hanifa (Birmingham):
Na ji lissafin. Amma ka tsallake inda na ce babu kowa a gefenmu a daren.

Injiniya Leeds:
Ban tsallake ba. Ke ba ki san wa ya kama gurbin ba, shi yana da littafin. Ta yiwu wani na hanya.

Maman Hanifa (Birmingham):
Ta yiwu kuma babu. Ai da sai ya ce mana haka. Abin da ya ɓata min rai, da ya zo tun muna ribas da minti biyu ya isa. Sai da muka gama ya bayyana.

Baba Alhaji (Manchester):
A nan kam ina bayan 'yata. Mai kula da fili na ƙwarai yakan nuna maka zanen yadda ake jerawa tun a ofis, wani ma ya biyo ka. Amma ke ma ki riƙe wannan: kada a sauke ƙafa ɗaya ta karaban sai an zagaya an dubi turke. Ni har yau mai ɗakina ce take sauka ta tsaya a wajen turken inda zan gan ta a madubi, tana min nuni da hannu. Ba ma kwance mota daga karaban sai mun yarda da wurin.

Shi kuma ɗana na Sabon Gari, ba tsirfa ba ce. Ka taɓa ganin cikin bangon karaban? Siririn gwangwani ne ko roba a waje, soso mai kama wuta a tsakiya, falange a ciki. Ga katifu, ga labule, ga tukunyar gas ɗaya ko biyu a akwatin gaba. Rumfar kuma yadi ce. In wuta ta kama, kafin motar kashe gobara ta iso ƙauyen da filin yake, sai dai ƙarfen ƙasa. Shi wanda ya kama ya riga ya tafi. Tazarar nan don na kusa da shi aka yi ta, don zafin kada ya tsallaka, kuma mutane su sami hanyar fita cikin dare.

Bakano Mai Shago:
Ranka ya daɗe, na karɓa. Amma ai in ajali ya zo ko mita ɗari ne.

Baba Alhaji (Manchester):
Haka ne, ba mai musu. Amma kai da ke Kano ka fi mu sanin gobarar kasuwa, da yadda rumfa ke miƙa wa rumfa wuta. Kuma wanda ya yi aikin Hajji kafin 1997 ya san tantunan Mina na yadi da aka kafa manne da juna. A watan Afrilun shekarar wuta ta tashi, iska ta kwashe ta, sama da mutum 300 suka rasu. Bayan nan ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantunan da ba sa cin wuta, waɗannan farare da ake gani yanzu. Ba su ce ajali ne su naɗe hannu ba.

Ɗan Damagaram (Lyon):
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ku bar ni in kawo wani gefen. A nan Faransa babu wannan turken. Ana ba ka gurbi mai lamba, galibi an kewaye shi da shingen shuka, murabba'in mita 80 zuwa 100 haka. Cikin shingen kai ne sarki. Ka sa karaban a tsaye, ka sa a kwance, ka juya ƙofa wajen inuwa, ba ruwan kowa. A bakin teku lokacin zafi za ka ga tsakanin wani da wani bai kai mita 3 ba ma. Kuma Faransa ta fi Ingila yawan filayen zango nesa ba kusa ba. In da turke ne ke hana gobara, da mun ƙone tuntuni.

Injiniya Leeds:
Malam, shingen naku ma ai alama ce, aikin turken yake yi ta wata fuska. Bambancin shi ne ku an shata muku iyaka, mu an kafa mana mafari. Na yarda naku ya fi daɗin zama. Ban yarda ya fi aminci ba. Kasancewar abu bai cika faruwa ba ba ya nufin in ya faru zai zo da sauƙi.

Ɗan Damagaram (Lyon):
To babbar musibar filin zango da aka sani a Turai fa, ta Los Alfaques a Sifaniya, 1978? Sama da mutum 200. Wace tazara ce za ta hana wannan?

Injiniya Leeds:
Babu. Amma waccan tankar gas ce ta fashe a kan titin da ke gefen filin. Ba daga karaban wutar ta taso ba. Mita 6 an yi shi ne don wutar girki, ko ta firji, ko ta waya, wadda ke farawa daga ɗaki ɗaya. Kada mu haɗa su.

Lauyan Gida:
Ina so in gyara abu ɗaya da ake yawan faɗa, wai mita 6 "doka ce". Ba haka kai tsaye ba. Dokar ita ce ta 1960, Caravan Sites and Control of Development Act. Ita ta ce mai filin karaban sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, ita kuma hukumar tana da ikon gindaya sharuɗɗa. Gwamnati ta fitar da ƙa'idojin koyi da hukumomin ke dubawa wajen rubuta sharuɗɗan. Na filayen masu yada zango su wuce an fitar da su a 1983. A cikinsu ne aka ambaci mita 6 tsakanin iyali da iyali, da mita 3 na fili fayau, da cewa kada a wuce karaban 75 a hekta ɗaya, kuma kada wani ya yi nisan fiye da mita 90 daga wurin kayan kashe gobara. Daga baya dokar kariyar gobara ta 2005 ta ɗora wa mai fili a Ingila da Wales nauyin auna haɗarin gobara da kansa.

Abin da wannan ke nufi gare mu: ba kai ɗan sanda zai kama ba. Mai fili ne lasisinsa da inshorarsa ke kan siraɗi. Kai kuma ka amince da ƙa'idojinsa ranar da ka biya kuɗi, don haka yana da damar ya ce ka gyara ko ka tafi. Turken kansa babu shi a doka. Dabara ce ta cika sharaɗin ba tare da an bi kowane baƙo da tef ɗin awo ba.

Gwaggon Yara:
Lauya, to shi ya sa wani filin suke cewa tsakiyar karaban ce za ta kalli turke? Mun je wani a Wales haka suka ce.

Lauyan Gida:
Ƙwarai. Tunda ba doka ce ta tsara shi ba, kowane fili da yadda ya auna nasa. Wani kusurwa, wani tsakiya, wani ma turaku biyu ya ce ka shiga tsakaninsu. Wanda ya ɗauko al'adar wani fili ya kai wani, shi ne ake tasa da magariba.

Abban Sadiq (Bradford):
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ba a taɓa matsalata ba. Ƙofata tana dama.

Injiniya Leeds:
Afuwan, hira ta ɗauke mu. Karaban na Ingila ƙofarsa tana hagu saboda a hagu ake tuƙi, ka fito ta gefen da babu motoci. Na Jamus akasin haka. Idan ka shiga da ribas, ƙofarka za ta faɗo inda aka tanadar wa mota, rumfarka ta fuskanci rumfar maƙwabcinka na hagu, motarka kuma ta koma kusa da motar na dama. Wani wurin awon yana fita a haka, wani wurin ba ya fita.

Mafita mai sauƙi ita ce ka shigar da shi da kai. Ƙofar sai ta dawo damanka in kana kallon gurbin daga hanya, daidai inda ta kowa take, layi bai karye ba. Sai dai ba za ka iya da mota ba, don motar za ta maƙale a ciki. Kwancewa za ka yi a hanya, ka juya shi da hannu, ko da injin nan mai rimot da ake ɗaurawa a tayoyi. Duba ko naka yana da shi. A kan tsakuwa ko ciyawa mai laima, tura abu mai nauyin fiye da tan ɗaya da hannu ba wasa ba ne. Kuma ka tuna ƙarfen ja na gaba ya fito fiye da mita ɗaya, saboda haka kusurwar ba lallai ta kai jikin turke ba. Abin da ake so bangon ya yi layi da shi.

Baba Alhaji (Manchester):
Ni ban cika son shiga da kai ba. In wani abu ya taso cikin dare a gurbin maƙwabci, wanda ƙarfen jansa ke kallon hanya mutum uku sun isa su fizgo shi waje. Wanda ya juya wa hanya baya fa? Akwai filayen da saboda wannan dalilin ba sa yarda sam. Ka buga musu waya kafin ka tashi, ka ce ƙofarka tana dama. Sun saba jin haka.

Injiniya Leeds:
Baba, da girmamawa, in wuta na ci a gefena ba zan tsaya kwance ƙafafu huɗu da rumfa da wayar lantarki ba. Yara zan kwasa.

Baba Alhaji (Manchester):
Ai ban ce kai za ka ja ba. Bayan an fitar da mutane, wasu ne ke janye na gaba don wuta ta rasa abin ci. Amma na bar maka, kai ne mai awo.

Maman Hanifa (Birmingham):
Ni maganar ƙofofi su kalli juna ce ta fi damuna, don ita ce ta shafi mu mata. In kowa ya bi mota, karaban, rumfa, to ƙofata tana kallon motar baƙo da tagoginsa. Ba ka da sakewa, ko alwala za ka fito yi sai ka yi shiri kamar mai zuwa unguwa. In 'yan uwa biyu suka fuskanci juna, tsakiyar ta zama tsakar gida, yara na wasa ana ganinsu, ana miƙa kwano. Wa muka cuta?

Lauyan Gida:
Hajiya, abin sha'awa, ƙa'idar 1983 ta yi maganar mita 6 ne tsakanin iyalai daban-daban, amma ta ce ko yaya ne kada a gaza mita 3. Sai dai filaye da yawa ba sa shiga binciken wa ye ɗan uwan wa. Duk wanda ya kama gurbinsa daban, iyali daban ne a wurinsu.

Injiniya Leeds:
Kuma a nan sa'a ta faɗo wa Abban Sadiq. In na ƙaninsa ƙirar Ingila ne, su biyun su shiga da ribas, ƙanin a gurbin hagu, shi a na dama. Ƙofar ƙanin na kallon dama, tasa na kallon hagu. Sun fuskanci juna ba tare da kowa ya bar turkensa ba. Rumfa biyu mita 5, da fili mita 3, ana bukatar 8. In bai kai ba, ɗaya ya haƙura da babbar rumfa ya kafa ƙarama ta bakin ƙofa, ko ya bari gaba ɗaya. Sai dai motar Abban Sadiq za ta koma damansa, nan ma sai an auna tsakaninta da motar na gaba. Wannan sai da yardar mai fili.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ku ja tamfol ko labule ku haɗe rumfunan biyu. Kun gina wa wuta gada ke nan.

Gwaggon Yara:
To asirinmu ya tonu, don abin da na yi niyyar ba shi shawara ke nan. Shingen yadi na tare iska fa? Shi ma ya shiga lissafi?

Injiniya Leeds:
Ya danganta da fili. Wasu na ƙyale shi in bai fita daga gurbinki ba, wasu na ɗaukarsa kamar rumfa. Ki tambaya. Kuma tunda an zo nan, kada wanda ya shigar da murhun gawayi cikin rumfa don ana yayyafi, ko da ya ga kamar ya mutu. Hayaƙinsa marar wari ya kashe masu zango a ƙasar nan suna barci.

Baba Alhaji (Manchester):
Masu neman sakewa, ku gwada ƙananan filayen da ƙungiyoyin masu zango guda biyu ke ba wa shaida. Ita Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa a 1907, da Camping and Caravanning Club, wadda ta girme ta da shekara shida, dokar 1960 ɗin nan ta ba su damar amincewa da wuraren da ba sa ɗaukar fiye da karaban 5. Yawanci bayan gidan gona ne. Sai kana da katin ƙungiya. Sau da yawa babu turke, manomin zai ce ga fili nan, ka dai bar mita 6. Iyali biyu ko uku in suka kama tare, kusan wurin nasu ne. Banɗaki da wurin wanka ne ba lallai a samu ba, sai na cikin karaban.

Maman Hanifa (Birmingham):
Baba, wannan ce maganar da nake jira tun ɗazu. Allah ya ƙara girma.

Ɗan Damagaram (Lyon):
Ko ku tsallako ruwa ku zo nan. A nan ƙofar Abban Sadiq ce daidai, taku ce a karkace.

Abban Sadiq (Bradford):
Na buga musu yanzu. Matar ta ce kusurwa suke bi, kamar yadda Injiniya ya zana. Ta ce shiga da kai ba matsala, amma maganar fuskantar juna sai mai kula da fili ya ga girman rumfunanmu. Ta kuma ce in lura da launin turke: fari na masu rumfa, shuɗi na marasa rumfa. Na duba takardar ƙanina, ashe marar rumfa ya kama don ya fi araha.

Injiniya Leeds:
To a canza masa tun yanzu, lokacin hutu gurabe ba sa jira. Masu shuɗin turke sun fi ƙunci, kuma ba lallai suna layi ɗaya da farare ba, sai ku tsinci kanku ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Wayar wutarka mita nawa ce? In ka shiga da kai, wurin jonawa na iya komawa nesa da sandar lantarki.

Abban Sadiq (Bradford):
Wadda na tarar a ciki gajera ce, ba ta fi mita 10 ba.

Injiniya Leeds:
Nemi mai mita 25, ruwan lemo, mai shuɗin kai. Ka warware ta duka in za ka jona, kada ka bar ta a naɗe, tana ɗaukar zafi.

Bakano Mai Shago:
Ku turo hoto in kun kafa. Ina so in ga turken nan da ya tara lauya da injiniya da Alhaji tun safe.